Shawara: Tafin Ƙafata a Shimfiɗe Yake, Wane Takalmin Ski Zan Saya?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Shekarata 34, nauyina kilo 82. Hunturu biyu ke nan ina koyon wasan ski, wato zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma da takalmin haya nake yi. Tafin ƙafata a shimfiɗe yake tun ina yaro, babu kwarmin nan na tsakiya. Da na yi rabin awa ina zamiya sai tsakiyar tafin ya ɗauki zogi, wani ƙashi da ke ƙasan idon sawuna ta ciki ya riƙa gogar takalmi, yatsu kuma su sage. Na koma lamba 28.5 don in samu sarari, sai dunduniyata ta fara ɗagawa, farcen babban yatsa ya yi baƙi. Na auna ƙafar a tsaye: ta dama santimita 27.1, ta hagu 26.8. Yanzu ina son sayen nawa na kaina. An ce in nemi mafi faɗi kuma mafi laushi. Haka ne? Wane kamfani ne ya fi dacewa da irin ƙafata?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba haka ba ne. Kada ka nemi mafi faɗi, kada ka nemi mafi laushi, maganar kamfani kuma ka jingine ta tukuna. Duk alamomin da ka lissafa, har da baƙin farcen, na ƙafar da ba ta da madogara ce a cikin takalmin da ya yi mata yawa. Idan ka ƙara mata fili, wahala ka ƙara mata.

Takalmin ski kashi uku ne: kwanson waje na roba mai tauri, takalmin ciki mai soso wanda ake iya zarewa, sai matashin tafi, wato shimfiɗar da ƙafa ke takawa. An zuba kwanson ne a siffar ƙafar da ke tsaye sak, dunduniya a miƙe ƙarƙashin ƙwauri. Taka kuwa da nauyi ya hau ta sai ta kwanta zuwa ciki. Dunduniya ta karkace, ƙashin nan da ka ambata, wanda likitoci ke kira nabikula, ya sauko ya bulluƙo, ƙafar ta ƙara tsawo da faɗi, gabanta ya juya waje har gindin ƙaramin yatsa ya tokari bango. Shi ya sa wanda ya auna ka a tsaye a kan daɓe zai ce ƙafarka mai faɗi ce, alhali bajewa ta yi. Zogin tsakiyar tafi kuma daga ƙananan tsokokin ƙafa yake, waɗanda ke ta damƙe yatsu suna neman abin riƙewa a duk juyin da ka yi. A cikin lamba 28.5 ƙafar na zamewa gaba da baya, yatsa na dukan gaba, jini ya taru ƙarƙashin farce. Da ka ji tana yawo sai ka ƙara matse maɗauran da ke kan doron ƙafa, su kuma su danne jijiyoyin jini da na ji da ke bi ta wurin. Daga nan sagewar yatsu da sanyinsu suke.

Abin bai tsaya a ciwo ba. Idan tafi ya kwanta ciki, ƙwauri na murɗawa ya bi shi, gwiwa ta faɗo ciki. Mai irin wannan ƙafa yakan ga ski ɗinsa, wato dogayen allunan da ake zamiya a kansu, na jinkirin kama ƙanƙara, domin motsin da ya yi yana ƙarewa a bajewar ƙafa kafin ya isa ga kaifin ski.

Kafin ka shiga kowane shago, ka san irin shimfiɗar da kake da ita, domin iri biyu ce kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Cire takalmi da safa, ka zauna ka ɗaga ƙafar sama ka duba tsakiyar tafin. Sannan ka tashi ka yi ɗage a kan yatsu, wani ya duba maka ta baya. Ko kuma kana tsaye a ja maka babban yatsa sama. Idan kwarmin ya bayyana a ɗaya daga cikin waɗannan, dunduniya kuma ta juyo ciki lokacin ɗagen, taka mai sassauci ce. Ita ce ta fi yawa, kuma ita ce matashin tafi ke yi wa aiki sosai. Idan kuwa ko a zaune ko a ɗage tafin bai canza ba, taka mai ƙagewa ce. Irin wannan ba a tilasta mata tudu a ƙasa. Sai dai a yi mata matashi mai bin siffarta yadda take, a buɗe mata kwanso inda take buƙata. Duk wanda ya cusa wa ƙagaggiyar ƙafa matashi mai tudu, cikin minti goma mai ita zai nemi cire takalmin.

Akwai gwaji na biyu da mutane ke mantawa, kuma a wurinmu bai gaza na farko muhimmanci ba. Fuskanci bango, ka ajiye ƙafa ɗaya gaba, ka tura gwiwa ta taɓa bangon ba tare da dunduniya ta bar ƙasa ba, ba kuma tare da gwiwar ta karkata ciki ba. Ka yi ta ja da ƙafar baya har inda ba za ka iya ba, sannan ka auna daga babban yatsa zuwa bango. Wajen santimita 10 lafiya lau ne. Idan naka ya gaza haka da yawa, agararka da sha-raɓarka a ɗaure suke, kuma hakan yakan zo tare da shimfiɗaɗɗen tafi. A wasan ski kullum ƙwauri na jingine gaba. Idan idon sawu ya kai iyakarsa takalmi bai kai ba, jiki zai nemo sauran motsin ko ta ɗaga dunduniya ko ta ƙara baje tsakiyar ƙafa. Riƙe wannan awon, ka faɗa wa mai daidaita maka takalmi.

To, abu na farko da za ka kashe wa kuɗi shi ne matashin tafi, tun kafin takalmin. Wanda ke zuwa a cikin sabon takalmi siririn soso ne kawai, ba ya riƙe komai. Akwai na shirye waɗanda ake yankewa daidai tsawon ƙafa, kamar na Superfeet da Sidas, kuma ana yin su da tudun tsakiya hawa-hawa. Naka shi ne mai ƙaramin tudu. Akwai kuma wanda ake ɗumamawa a zuba shi a siffar ƙafarka, sannan a cika ƙasansa da abu mai tauri a goge shi ya zauna daram. Ga ƙafa mai sassauci irin wadda muke zaton taka ce, na zubi ya fi. Wurin da ake yin kuskure shi ne lokacin ɗaukar siffar: idan ka tsaya da dukkan nauyinka ƙafar na baje, abin da za a samu hoton bajewar ne, ba a gyara komai ba. Gwani zai zaunar da kai, ko ya sa ka taka da rabin nauyi, ya riƙe dunduniyarka a miƙe, gwiwa na kallon yatsa na biyu, har robar ta huce.

Ka lura, aikin matashin ba ya ɗaga maka kwarmin da ba ka da shi ba ne. Aikinsa ya rungumi dunduniya a cikin ƙoƙo mai zurfi, ya cike gurbin da ke ƙarƙashin tafi, ya tsayar da kwanciyar ƙafar kafin ta yi nisa. Mai kyau za ka ji shi ko'ina a ƙarƙashin ƙafa daidai wa daida. Idan ka ji wani tudu na sukan ka a wuri ɗaya tun kana tsaye a shago, ya yi tsayi, a rage shi. Ya kamata kuma ya ɗan ba da kai kaɗan idan ka danna tsakiyarsa da babban yatsan hannu, domin ƙafa na buƙatar ɗan motsi don daidaita tsayuwa. Wanda likita ya yi maka don takalmin tafiya, in kana da shi, yawanci bai dace a nan ba: an yi shi ne don taku daga dunduniya zuwa yatsu, ya cika kauri, wani ma yana da ƙarin tsayi a baya. Kuma kada a ɗora sabo a kan tsohon. A zare na kamfani, a yi amfani da shi wajen zana inda za a yanke, a tabbata sabon ya kwanta a takalmin ciki ba tare da gefensa ya naɗe ba.

Sai a sake auna ƙafar tana kan matashin. Sau da yawa za ka ga ta ragu da 'yan milimita a tsawo da faɗi, ƙashin nabikula kuma ya koma ciki. Wannan ƙafar ce za a saya wa takalmi.

Lambar takalmin ski ana kiranta Mondopoint, kuma tsawon ƙafa ce a santimita. Da awonka, lambarka 27 ko 27.5, kuma a yawancin kamfanoni waɗannan biyun kwanso ɗaya ne. Ka ga ke nan 28.5 ya ɗara ka da cikakkiyar lamba, watakila ma fiye, domin bayan an tallafi ƙafar ba mamaki 26.5 ya shige ka. Lambar jikin kwali ba ita ke yanke hukunci ba. A zare takalmin ciki, ka sa ƙafa a kwanson kaɗai da siririyar safa, ka matsa gaba har yatsu su taɓa gaban ba tare da sun lanƙwashe ba, ka ɗan durƙusa, a haska tocila a bayan dunduniyarka. Ratar santimita 1.5 zuwa 2 ita ce ta mai wasa irinka. Ƙasa da 1.5 na masu neman matsi ne don gudu. Abin da ya wuce 2, musamman ya kai 2.5, ya yi yawa, komai daɗinsa a shago. A yi gwajin da ƙafar dama tunda ita ce babba, sannan a duba ta hagu.

Kana cikin kwanson, ka dawo da ƙafar tsakiya, a sa matashin a ƙasa, ka duba gefuna. Faɗin da kamfanoni ke rubutawa na wajen gindin yatsu ne: milimita 97 zuwa 98 matsattse, 100 matsakaici, 102 zuwa 104 mai faɗi. Awon na lamba 26.5 ne, kuma yana ƙaruwa da wajen milimita 2 a kowace lamba, don haka mai 100 a lamba 27.5 ya kusa 102. Abin da kake nema shi ne gefunan ƙafa su kusa taɓa bango ko su shafe shi kaɗan. Idan wuri ɗaya ne ko biyu ke tokarewa, nabikula ko gindin ƙaramin yatsa, wannan ba dalilin komawa mai faɗi ba ne. Ana ɗumama robar wurin a tura ta waje da na'ura, ko a goge ta ta ciki, a samu milimita da dama. Kwanso ana iya buɗe shi, amma da wuya a iya tsuke shi. Wannan ne ya sa muke cewa a saya daidai dunduniya da idon sawu, gaban ƙafa a gyara daga baya.

Inda mafi faɗin nan zai fi cutar da kai shi ne sama. Takalmi mai faɗi yawanci rufinsa ma na da tsayi, shimfiɗaɗɗiyar ƙafa kuwa doronta a kwance yake. Ɗauki tef ɗin awo, ka zagayo daga ƙasan bayan dunduniya, ta kan lanƙwasar idon sawu, ka dawo inda ka faro. Masu daidaita takalmi kan kwatanta wannan da tsawon ƙafa: idan sun yi kusan daidai, matsakaicin takalmi ne naka, idan zagayen ya gaza tsawon da santimita ɗaya ko fiye, ƙaramin ciki kake buƙata. A jikin takalma za ka ga LV, MV ko HV, wato ƙaramin ciki, matsakaici, da babba. Masu shimfiɗaɗɗen tafi da yawa LV ko MV ne ke riƙe su, a buɗe musu gaba, ko da yake a ido sun yi kama da masu HV. Idan an samu takalmin da ya dace amma da ɗan sauran fili a kan doro, ana sa siririn faifai mai kaurin milimita 1 zuwa 3 a ƙarƙashin matashin tafi ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, ko a liƙa soso a harshen takalmin ciki. Matse maɗauri ba ya cike wannan filin, murƙushe ƙafar kawai yake yi.

Batun laushi kuwa, lambar tauri takan fara daga wajen 60 zuwa 130, kuma ba ma'auni ɗaya kamfanoni ke bi ba, 100 na wannan ba lallai ya zama 100 na wancan ba. Da kilo 82 da hunturu biyu, ka fara gwadawa daga 100 zuwa 110. Mai laushi sosai idan ka danna shi gaba, kwanson ƙasa na buɗewa ta gefe, ƙafar ta samu inda za ta ƙara kwanciya. Idan gwajin bango ya nuna idon sawunka gajeren zango gare shi, to ka ma fi buƙatar mai tauri wanda wuyansa bai jingina gaba sosai ba, domin takalmi ya tare ka kafin gaɓar ta ƙure. Sai a ƙara ɗan tudu na milimita 4 zuwa 6 a ƙarƙashin dunduniya, wanda ke ba idon sawu sarari, ya kuma rage filin kan doro. Ka tuna roba na ƙara tauri a cikin sanyi, abin da ka ji a ɗumin shago zai fi haka a kan dutse.

Kamfani? Babu wanda ke yin takalmi musamman don shimfiɗaɗɗen tafi. Manyan kamfanoni kusan duka suna da ƙaramin ciki, matsakaici da babba. Abin da zai amfane ka shi ne kwanson da ake ɗumamawa gaba ɗaya ya bi siffar ƙafa, irin Memory Fit na Atomic, Custom Shell na Salomon ko Vacuum na Fischer, saboda ƙashin nan naka. Sharaɗi ɗaya: a yi ɗumamar da matashin tafi a ciki, in ba haka ba kwanson zai ɗauki siffar bajajjiyar ƙafa. Zaɓen wanda zai daidaita maka ya fi zaɓen tambari nauyi. Wanda bai ce ka cire safa ya ga ƙafarka ba, bai zare takalmin ciki ya duba rata ba, ka nemi wani.

Ranar gwaji ka je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa ɗaya siririya doguwa ta ulu ko zaren roba. Ban da auduga, ban da ninka biyu, kuma kada ka cusa ƙafar wando a ciki. Ka sa takalmin, ka buga dunduniya a ƙasa, ka fara ɗaure maɗaurai biyu na sama da ɗamarar wuya, ka danna ƙwauri gaba sau uku ko huɗu dunduniya ta koma mazauninta, sannan ka rufe na ƙasa biyu da ƙarfin yatsa ɗaya. Idan mai waya da abin murɗawa ne irin na BOA, ka tsaya da zarar ya rungumi ƙafar. A tsaye sak yatsu za su taɓa gaba, wannan daidai ne, kada ya tsorata ka. Da ka durƙusa su ja baya kaɗan, suna iya motsi sama da ƙasa, dunduniya kuma ba ta ɗagawa. Ka yi minti 15 zuwa 20 a ciki kana tsaye kana dannawa. Matsi ko'ina daidai abu ne mai kyau, domin soson ciki zai kwanta a kwanakin wasa biyar zuwa goma na farko. Suka a wuri ɗaya ita ce abin gyara. Cire takalmin ka duba inda fata ta yi ja. Masu aikin kan shafa jan-baki a kan ƙashin, a sa ƙafar a kwanso, alamar ta fito daidai inda za a tura.

Bayan an gama da ƙasa sai a koma wuya. Takalma da yawa na da ƙusa a gefen idon sawu da ake kwancewa a karkata wuyan dama ko hagu. Ka tsaya a kwanso a kan matashinka, ƙafafu a buɗe daidai faɗin ƙugu, a daidaita har ratar da ke tsakanin ƙwauri da roba ta zama ɗaya ta ciki da ta waje. Wannan daban yake da karkata tafin takalmin kansa, wanda ake yi da rabin digiri-rabin digiri idan gwiwa ta ci gaba da faɗowa ciki. Shi wannan kada a yi gaggawarsa. Ka yi wasa 'yan kwanaki tukuna, domin sau da yawa matashin tafi da daidaita wuya sun wadatar, kuma tafin da aka goge sai an mayar da kaurin baki da bayansa yadda ƙa'ida ta tanada kafin mariƙin ski, wato abin da ke kama takalmi a jikin ski, ya sake shi lafiya idan ka faɗi.

Mariƙin ma dole a sake saita shi. A gefen dunduniyar kowane takalmi akwai lamba uku da ke nuna tsawon tafinsa a milimita, kuma tunda za ka sauko daga 28.5, tsawon zai canza. Ka kuma duba irin tafin: akwai shimfiɗaɗɗe na ƙa'idar ISO 5355, akwai GripWalk mai ɗan lanƙwasa da roba don sauƙin tafiya, wanda sai da mariƙin da aka yi don karɓarsa. Ma'aikacin da ya san aikin ne zai saita ya gwada.

A gida, ka riƙa sa takalmin minti 20 zuwa 30 da yamma kafin fita ta farko. Bayan wasa ka zare takalmin ciki ya bushe a iskar ɗaki, nesa da wuta da na'urar ɗumama ɗaki, domin zafi na lalata siffar matashin zubi. Ka ajiye kwanson maɗauransa a rufe sako-sako. Kullum kuma ka miƙe sha-raɓa a jikin bango, daƙiƙa 30 sau uku kowace ƙafa, gwiwa a miƙe sannan a lanƙwashe, ka haɗa da ɗage a kan ƙafa ɗaya sau 10 zuwa 15. Idan za ka sake haya kafin ka saya, tafi da matashinka, ka karɓi 27.5, ka zare nasu ka sa naka.

Tunda taka tun yarinta ce kuma ƙafa biyu, ba mu ga abin fargaba ba. Amma ka ga likitan ƙashi ko na ƙafa kafin sayen komai idan gwajin ɗage ya nuna ƙafar a ƙage take kuma tana ciwo, ko ɗaya ta fara kwanciya fiye da da tare da kumburi a bayan idon sawu ta ciki, ko ka kasa ɗage a kan ƙafa ɗaya, domin hakan na iya nuna raunin agarar da ke riƙe kwarmin tafi. Haka nan idan kana da ciwon sukari, ko sagewar yatsun ba ta wucewa bayan ka cire takalmi. Farcen da ya yi baƙi ka bar shi ya fita da kansa, sabo zai tsiro cikin watanni. Sai in ya kumbura ko ya fara ruwa ne za ka kai shi asibiti. Ka yanke sauran farce gajeru a miƙe kafin ranar gwaji.